Gizo-gizona ya kwana uku yana cewa yana aiki, ta yaya zan gane ko da gaske yake?

Mai_Saƙa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata matsala ce ta sha mini kai, kuma na san a nan akwai waɗanda suka riga ni shan irin wannan wahalar.

Ina da gizo-gizo goma sha ɗaya, wato ƙananan manhajoji masu zagaya shafukan intanet suna kwaso bayanai, da na rubuta da Scrapy, kayan aikin ƙera irinsu, duk a kan saba (kwamfutar da ke gudanar da su) ɗaya mai CPU biyu, Scrapyd, manhajar da ke tashinsu tana jera ayyukansu, ne ke riƙe da su. Aikinsu ba wani mai girma ba ne: su zagaya shafukan wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike, su kwaso sanarwar taruka da laccoci, su zuba mini a fayil. Kowane dare ƙarfe biyu cron, agogon sabar da ke tura ayyuka a kan lokaci, ke tashinsu. Da safe in buɗe shafin Scrapyd ta ƙofa mai lamba 6800, in danna Jobs, in ga rukunan nan uku, Pending da Running da Finished. In na ga sunayen duk sun sauka ƙarƙashin Finished, sai in yi hamdala in rufe. Wata takwas ke nan, iyakar sa idon da nake yi ke nan, kuma ina ganin kaina kamar na iya.

To a makon nan abubuwa uku suka haɗe mini.

Akwai gizo ɗaya da ya saba gamawa cikin minti arba'in, yau kwanansa uku a ƙarƙashin Running. Ban lura da wuri ba, don cron bai san wani na ciki ba, kowane dare sai ya ƙara tura sabo. Yanzu kwafi uku ne na gizo ɗaya suke zaune. Na buɗe kundin aikin na farkon, ba kuskure ko ɗaya. Kowane minti yana rubuta layin nan da kuka sani, wai ya ziyarci shafi kaza, shafi 55 a minti, ya kwaso abu kaza, abu 0 a minti. Sifilin nan tun daren farko yake, bai motsa ba. Shafukan kuwa sun haura dubu ɗari biyu da talatin, alhali gidan da yake zagayawa gaba ɗayansa ban jin ya kai shafi dubu uku.

Na biyu ya fi ba ni kunya. Wanda ke amfani da bayanan ne ya aiko mini da saƙo cikin ladabi, wai ko cibiya kaza ta daina shirya taruka ne, don mako biyu bai ga sanarwarta ko ɗaya ba. Na koma na duba, ashe gizon da ke kula da ita kullum yana gamawa cikin daƙiƙa tara, ya je ya kwanta ƙarƙashin Finished tare da sauran, ni kuma kullum ina yi masa hamdala.

Na ukun ya ɗan girmi waɗannan. A watan jiya na sake kunna sabar, da ta dawo jerin ayyukan da suka gama ya zama fayau, ba ko ɗaya. Don haka ko na so in kwatanta aikin yau da na wata biyu baya, ba ni da abin kwatantawa.

Tambayoyina: wannan mai kwana ukun, in kashe shi kawai ko akwai abin da ya kamata in gani tukuna? Akwai hanyar leƙa cikin aikin da ke gudana in ga adireshi nawa ke jira a layi, ban da karanta kundi? Sannan ku da kuka daɗe, me kuke dubawa da safe? Wani abokina ya ce sai na kafa Prometheus da Grafana, manhajojin tara alƙaluma da nuna su a allo, ni kuwa gizo goma sha ɗaya gare ni, ina ganin kamar harbin sauro da bindiga ne. Amma in shi ne mafita zan yi.

Ku yi haƙuri da tsawon bayanin.

Tsohon_Saba:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kashe shi tukuna. Kwafi biyun da suka biyo baya za ka iya soke su yanzu, amma na farkon shi ne mai shaida, ka bari ya faɗi abin da ya sani.

Ka fara gane me kalmomin nan uku ke nufi a wurin Scrapyd. Shi mai tsaron ƙofa ne. Running na nufin ya tashi Scrapy kuma har yanzu bai ga ya fita ba. Finished na nufin ya fita. Ko ya fita da kaya niƙi-niƙi, ko hannu rabbana, ko faɗuwa ya yi, duk wuri ɗaya ake jera su. Ba laifinsa ba ne, aikin da aka ba shi ke nan. Labarin abin da ya faru a ciki yana wurin Scrapy, a ƙididdigar da yake tarawa.

Yadda za ka leƙa kuwa, Scrapy na buɗe ƙofar telnet, wato hanyar shiga ka buga umarni cikin aikin da ke gudana, ga kowane aiki, daga lamba 6023 zuwa sama, a cikin sabar kawai. Koma farkon kundin aikin nan na kwana uku, za ka ga layin da ya faɗi lambar ƙofar da ya samu, da wani layin da ya rubuta kalmar sirri. Sunan shiga scrapy. In ka shiga, buga est() ya nuna maka halin da injin ke ciki: buƙatu nawa ke hannun mai saukewa a yanzu, nawa ke jira a layi. Sai ka buga p(stats.get_stats()) ya zubo maka ƙididdigar gaba ɗaya, wadda a ka'ida ba ka ganinta sai aiki ya ƙare. In kana son ka yi nazari a natse, engine.pause() zai tsayar da shi ba tare da ya mutu ba. Ina ba ka shawara ka yi hakan da zarar ka shiga, don masu gidan nan da kake ta ƙwanƙwasawa kwana uku sun sha isa.

Tun daga nan zan iya yin hasashe. Shafi na tafiya, kaya sifili, ba kuskure: gizonka ya faɗa tarko. Tarkon iri biyu ne, kuma lambobi biyu za su bambance maka su. In ka ga layi ya kumbura, dubbai na jira kuma yana ƙaruwa, to adireshi ne ke haihuwa: shafi ɗaya mai maɓallan tacewa da jerawa, kowane haɗi na ba da sabon adireshi, ko lambar zama da ake liƙawa a ƙarshen kowane mahaɗi. Matacin maimaici na Scrapy yana kallon adireshi da abin da aka aika, ba ya kallon abin da shafin ya ƙunsa, don haka duk sababbi ne a wurinsa. In kuwa ka ga layi ɗan mitsitsi ne, ɗaya ko biyu, amma request_depth_max, wato zurfin mahaɗin da ya bi daga shafin farawa, ta kai wata lamba ta hauka, to sarƙa ce: kowane shafi na miƙa shi ga na gaba, ba ƙarshe. Tunda ka ce sanarwar taruka kake kwasowa, ni kalanda nake zargi. Mahaɗin "rana ta gaba" ba ya ƙarewa, manhajar gidan za ta ƙirƙiro maka shafin kowace rana har tashin duniya, kuma kowanne da 200, lambar amsar da ke nufin lafiya lau, zai dawo.

Wani abu da ba ka ambata ba amma yana faruwa da kai: Scrapyd, in ba ka canza ba, aiki huɗu yake bari a kan kowane CPU. Biyu gare ka, gurbi takwas ke nan. Uku sun tafi wurin wannan, saura biyar ga sauran goman. Da ka ƙara kwana biyar ba ka lura ba, da gurabun sun cika, kowa ya tsaya a Pending, kuma ba wanda zai yi maka ihu.

Batun jerin da ya ɓace, shi ma haka aka tsara shi. A memori yake ajiye ayyukan da suka gama, guda 100 na ƙarshe, sake kunnawa na share su. Akwai saitin jobstorage da za ka mai da shi SqliteJobStorage ya riƙa rubutawa a faifai. Ka kuma duba jobs_to_keep, don kundi biyar kawai yake bar wa kowane gizo, tsofaffin yana goge su. Mai aikin kullum irinka, kwana biyar ke nan na tarihi. Da ka je neman ranar da mai daƙiƙa taran nan ya fara lalacewa, ba za ka same ta ba.

Shi mai daƙiƙa taran, ka kwafo mana ƙididdigar da ke ƙarshen kundinsa na jiya, daga inda aka rubuta Dumping Scrapy stats zuwa ƙasa. Amsar tana ciki, na tabbata.

Ɗan_Gaggawa:

Haba Malam, duk wannan dogon zance a kan aikin da ya riga ya lalace? kill -9, umarnin kashe aiki nan take, a wuce wurin. Sannan ka sa DEPTH_LIMIT, iyakar zurfin bin mahaɗi, ka kafa Grafana kamar yadda abokinka ya ce. Ni duk abin da nake gudanarwa yana kan allo ɗaya, da na kalla na san komai. Rabin yini ya ishe ka kafawa.

'Yar_Kundi:

Ɗan_Gaggawa, Allah ya huci zuciyarka, amma kill -9 shi ne abu na ƙarshe da zan ba shi shawara. In ka fille wa Scrapy kai haka, ba ya samun damar rubuta ƙididdigarsa ta ƙarshe, ba ya rufe fayil ɗin da yake zuba kaya. In JSON ne na yau da kullum, baka ta ƙarshe ba za ta shiga ba, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, sanarwar da ya kwaso a minti arba'in ɗin farko sai an bi da hannu an gyara. Ya yi amfani da cancel.json, hanyar soke aiki ta Scrapyd, ko engine.stop() tunda yana cikin telnet, ya ba shi ɗan lokaci ya tattara. Kuma Mai_Saƙa, ka koma JSON Lines, layi ɗaya abu ɗaya, ko an yanke a tsakiya abin da ya shiga ya shiga.

Ni ba 'yar Scrapy ba ce sosai, da Heritrix na koyi aikin, wanda Internet Archive suka ƙera don adana shafuka. Amma abin da ya koya mini zai yi maka amfani. A can ba a kallon aiki a matsayin dunƙule ɗaya. Kowane gida da layinsa, kuma rahoton layukan na nuna maka wanne ke aiki, wanne ke ɗan gyangyaɗi yana jiran lokacin ladabi ya cika kafin ya sake ƙwanƙwasawa, wanne aka yi wa ritaya don ya cinye kasonsa, wanne ya ƙare. Rahoton na kuma fito da layukan da suka fi tsawo. Sau da yawa aiki mai gida ɗari biyu za ka ga yana tafiya, ashe ɗari da casa'in da tara sun gama tun jiya, gida ɗaya ne ya riƙe kowa. Jimilla ba ta nuna wannan. Sannan a crawl.log kowane adireshi da layinsa, da lambar da ya dawo da ita, da adireshin da ya kai ka gare shi. Har abin da bai kai ga samun amsa ba yana da lambarsa, mai alamar ragi: -1 ba a gano sunan gidan ba, -2 haɗi ya ƙi, -9998 robots.txt, fayil ɗin da gida ke faɗa wa gizo-gizo inda ba a shiga, ne ya hana. Wannan "wa ya kawo ka nan" ɗin shi ne abin da na fi dogara da shi. Da na ga adireshi mai ban mamaki, sai in bi sawunsa baya har in kai shafin da ya buɗe ƙofar tarkon.

Abin da nake dubawa da safe kuwa tebur ne ɗaya, ba allo ba. Kowane aiki in ya rufe yana rubuta layi guda: sunan gizo, lokacin farawa, lokacin gamawa, dalilin gamawa, shafi nawa, kaya nawa, 200 nawa, 3xx (karkatarwa) nawa, 403 (an hana) da 404 (babu shafin) da 429 (ka cika ƙwanƙwasawa) da 5xx (matsalar sabarsu) nawa. A Scrapy ɗan ƙari ne da ke sauraron siginar spider_closed, bai kai layi talatin ba, SQLite ya ishe shi. Lambar kanta ba ta faɗin komai sai an ajiye ta kusa da ta jiya da ta makon jiya. Kaya 40 alheri ne ga gizon da ya saba kawo 38, masifa ce ga wanda ya saba kawo 900. Daƙiƙa tara ba laifi ba ce sai ka san da minti shida yake yi.

Dalilin gamawar nan, finish_reason, ka ba shi muhimmanci amma kada ka yarda da shi shi kaɗai. finished ma'anarsa layi ya ƙare, ba wani abu ba. shutdown an dakatar da shi ne. closespider_timeout agogon da ka sa ne ya cika. memusage_exceeded ya ci memori fiye da iyakar da ka yanka masa. Mai daƙiƙa taran nan, na ci amana in ba finished za ka gani ba.

Akwai kuma wanda tebur ba ya kamawa sai ka tambaye shi: aikin da bai tashi ba sam. Cron ya mutu, ko faifai ya cika, ko an tura ya maƙale a Pending. Wannan ba ya rubuta layi, ba ya kuskure, shiru kawai. Ni ƙarfe bakwai wani ɗan rubutu ke ƙirga layukan daren jiya, in bai ga adadin da ake tsammani ba ya aiko mini da sunan wanda ya yi fashi. Ya taɓa cetona fiye da duk sauran.

Grafana ba ta da laifi, amma allo sai an kalle shi yake amfani. Kai da bakinka ka ce wata takwas kana kallon allo kullum. In kana son abin da aka riga aka dafa maka hanya, duba Spidermon, an yi shi ne don Scrapy: kana faɗa masa mafi ƙarancin kayan da kake tsammani, da dalilan gamawa da ka amince da su, da yawan kuskuren da za ka jure, in an saɓa ya aiko da saƙo ta imel ko Slack ko Telegram.

Mai_Saƙa:

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Na dawo da rahoto.

Malam Tsohon_Saba, kamar kana tsaye a bayana. Na soke kwafi biyun ta cancel.json, na shiga telnet na farkon, na fara da engine.pause() kamar yadda ka ce. est() ya nuna layi kusan fayau, buƙata ɗaya a hannu, ɗaya na jira. request_depth_max kuwa ta haura dubu ɗari da goma. Da na ga lambar sai da na sake ƙirga sifilan. Kundin ba ya nuna adireshi, don tun farko na sa LOG_LEVEL a INFO saboda ina ƙyashin faifai, amma a cikin telnet na leƙa buƙatar da ke hannu. Kalanda ce. Shafin wata ranar Talata a shekarar 2340 yake ƙoƙarin saukewa, ɗayar da ke jira kuma wata rana ce a 1710, don akwai "ranar da ta gabata" ita ma. Wato ya kama hanya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowace rana shafin na ce masa babu taro, shi kuma ya ce to bari in duba gobe. Na daɗe ina dariya ni kaɗai kafin kunya ta zo.

Laifin nawa ne tsaf. Da can sanarwar gidan a jeri take, shafi na ɗaya, na biyu, har ta ƙare. Sun ƙara kalanda a gefe, ƙa'idar bin mahaɗi da na rubuta kuma na ce duk adireshin da ke ƙarƙashin sashen taruka a bi shi. Kalandar a ƙarƙashin sashen take.

Na tsayar da shi da engine.stop(), ya rufe lafiya, ya rubuta ƙididdiga, fayil ɗin ya buɗe da sanarwa 212 a ciki, duk na minti arba'in ɗin farko. Yaya 'Yar_Kundi, da na bi ta Ɗan_Gaggawa da yanzu ina gyaran baka da hannu. Ɗan_Gaggawa, ba komai, DEPTH_LIMIT ɗinka na ɗauka, na sa shi 15 don jerin mafi tsawo da na sani bai wuce shafi goma ba. Na kuma hana adireshin kalandar kai tsaye, na sa CLOSESPIDER_TIMEOUT na awa biyu a kan kowa da kowa.

Mai daƙiƙa taran, ga abin da ke ƙarshen kundinsa: buƙata uku kacal, 301 ɗaya, 200 biyu, finish_reason finished, babu layin item_scraped_count ma sam. Sai wani layi da ban taɓa lura da shi ba, offsite/filtered, da lamba 64 a gabansa. Na buɗe adireshin farawar a burauza, sai ya wulla ni wani domen daban. Cibiyar ta sauya suna, ta koma sabon gida, tsohon adireshin yana karkatarwa. Gizon ya bi karkatarwar ya sauke shafin farko, ya ga mahaɗi 64, duk na sabon domen, ya duba allowed_domains bai ga sunan ba, ya zubar da su ya ce ya gama. Ashe yana rubuta gargaɗin hakan, amma a matakin DEBUG, wanda ni da hannuna na toshe. Gyaran layi ɗaya ne. Mako biyu na bayanan mutum a kan layi ɗaya.

Teburin na fara shi da daren nan. Abin da ya rage mini shi ne cron. Ta yaya zan hana shi tura gizo alhali ɗan'uwansa na ciki? Sannan wani abu na damuna: shafi dubu ɗari biyu da talatin na sauke daga sabar mutanen nan, ban da na kwafi biyun. Ban ga 429 ko ɗaya a ƙididdiga ba, ba su toshe ni ba. In yi shiru ko in yi magana?

Tsohon_Saba:

Na cron mai sauƙi ne. Kada ya kira schedule.json, hanyar tura aiki ga Scrapyd, kai tsaye. Ya kira ɗan rubutun da zai fara tambayar listjobs.json, ya duba rukunin pending da na running, in ya ga sunan gizon ya fasa turawa, ya kuma aiko maka da saƙo. Fasawar ba tare da saƙon ba, ka sake gina wani shirun ne. Tunda ka sa agogon awa biyu, a ka'ida bai kamata ya taɓa samun kowa a ciki ba, don haka ranar da ya samu, labari ne.

Amma agogon nan ka kula da shi. Yanzu tarko na gaba ba zai kwana uku ba, zai yi awa biyu ya sauka ƙarƙashin Finished, kyakkyawa da shi kamar kowa. Ka mai da matsala mai ihu ta zama mai raɗa. Sai teburin 'Yar_Kundi ya ɗauki closespider_timeout a matsayin faɗuwa, ba gamawa ba. Akwai kuma CLOSESPIDER_TIMEOUT_NO_ITEM in Scrapy ɗinka ba tsoho ba ne, yana rufe gizo in ya yi daƙiƙa kaza bai kwaso komai ba. Ga irin aikinka ya fi agogon gaba ɗaya dacewa, da shi da tarkon nan ya mutu tun daren farko. DEPTH_LIMIT ma yana da nasa shirun: ranar da jerin ya kai shafi ashirin, zai yanke wutsiyar bai gaya maka ba sai a DEBUG. In ka ga request_depth_max ta zauna daidai kan 15, ka san an taɓa rufin.

'Yar_Kundi:

Kan tambayarka ta biyu, ni dai zan yi magana. Rashin 429 ba ya nufin ba su ji ba, ƙananan gidaje da yawa ba su da abin da ke ƙirga baƙi balle ya mayar da wannan lambar. Kuma shafin kalanda ba fayil ba ne da ke ajiye, kowanne sai an tambayi rumbun bayanai an gina shi. Layi uku sun isa: ga abin da ya faru, ga adireshin sabata don ku gane ni a kundinku, na gyara. Ka ƙara musu da cewa kalandarsu ba ta da iyaka gaba da baya, don ba kai kaɗai ne gizon da zai faɗa ba, layi ɗaya na Disallow a robots.txt zai rufe ramin ga duk mai bin ƙa'ida.

Kai ma ka duba naka ɓangaren. ROBOTSTXT_OBEY na kunne? Ka tabbatar a duka goma sha ɗayan. USER_AGENT ɗinka, sunan da gizon ke gabatar da kansa da shi, na ɗauke da hanyar da za a same ka, ko har yanzu sunan Scrapy ne tsurarsa? Da akwai adireshin tuntuɓa a ciki, mai yiwuwa da tun rana ta biyu wani ya rubuto maka, ka huta da kwana ɗaya. Fayil ɗin robots.txt tun 1994 ake amfani da shi bisa fahimtar juna, sai 2022 aka rubuta shi a matsayin RFC 9309, kuma ko a nan ba a sa Crawl-delay ba, saurin ƙwanƙwasawa an bar wa mai gizo da lamirinsa. Kunna AutoThrottle mai daidaita sauri da kansa, ka sa DOWNLOAD_DELAY, jinkiri tsakanin buƙatu, ko na daƙiƙa biyu ne. Gida mai shafi dubu uku da tsakar dare, ba inda kake sauri.

A teburin ka ƙara gurbi biyu da na manta: offsite/filtered da request_depth_max. Nawa ma babu na farkon, yanzu zan je in sa.

Mai_Saƙa:

Na aika musu, na kuma gyara USER_AGENT, sunan Scrapy ne tsurarsa kamar yadda kika zata. Teburin ya cika layi goma sha ɗaya da safen nan. Goma lafiya. Na sha ɗayan ya kawo kaya 31, duk da 200, finished, minti huɗu, amma da na buɗe fayil ɗin gurbin kwanan wata fanko ne a guda 29. Tun yaushe, Allah masani, kundi biyar ɗin da suka rage duk haka suke. Yaya, Spidermon ɗin nan yana iya ƙirga gurbin da ba a cike ba, ko shi ma in rubuta da hannu?